Yadda Ake Zuwa Kallon Tsuntsaye a Gandun Dajin Dindir, Daga Shiri Har Komowa

Tun ranar da na nuna wa mutane hoton gauraki biyu da na ɗauka a bakin ruwa a Dindir, tambaya ba ta yanke ba. 'Yan'uwa daga Mai Wurno, daga Sinja da Gadarif, har da waɗanda ke Kano da Damagaram, abin da suke so su sani ɗaya ne: ta ina ake shiga, a wane wata, da me ake tafiya, kuma me abin zai ci. Na ga ya fi kyau in zauna in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, yadda ni na yi shi da kuma inda na yi kuskure.

Dindir gandun daji ne a ƙasar Sudan da aka keɓe tun 1935. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000, yana jingine da iyakar Habasha, ya kuma taɓa jihohi uku: Sinnar, Gadarif da Nilul Azraƙ. An lissafa fiye da nau'in tsuntsaye 160 a cikinsa. Abin da ya ɗaure ni da wurin shi ne, yawancinsu tsuntsayenmu ne na karin magana da tatsuniya: jimina, gauraka, burtu, gaggafa, carki, zalɓe. Yaranmu suna jin sunayen a bakin kakanni, amma da yawa ba su taɓa sa su a ido ba. A Dindir suna nan da ransu, kuma ganinsu ba ya buƙatar gudu da mota daga wannan kusurwa zuwa waccan. Zama yake buƙata, a wurin da ya dace, a lokacin da ya dace.

1. Fara da tambayar hanya

Kafin ka sayi komai, kafin ka tara abokan tafiya, nemi labarin hanya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya shafi yankinmu, a 2024 faɗa ya kai Sinja da garin Dindir kansa. Don haka labarin da wani ya ba ka wata uku da suka wuce ba labari ba ne. Ka tambayi mutum biyu ko uku da ke zaune a garin Dindir a makon da za ka tashi, ka tambayi direbobin da ke bin hanyar, sannan ka tambayi ofishin 'yan sandan kare namun daji, waɗanda gandun ke hannunsu, ko suna karɓar baƙi a lokacin. In ɗaya daga cikin ukun ya ce a dakata, ka dakata. Tsuntsu zai dawo baɗi.

Gargaɗi: madubin hangen nesa da kyamara mai dogon baki kaya ne da ke jawo zargi a shingen bincike a irin wannan zamani. Kada ka ɓoye su a ƙasan jaka. Ka sa su a sama, ka faɗi abin da suke kafin a tambaye ka, takardar izininka tana hannu. Kada ka ɗauki hoton gada, madatsar ruwan Sinnar ko wurin sojoji. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, kada ma ya shiga motarka. Duk wani ƙarfe da ba ka sani ba a gefen hanya, kada ka taɓa, kada ka bari yaro ya taɓa.

2. Zaɓi wata

Nan ne mutane suka fi yin asara. Ƙasar Dindir baƙar laka ce. Da ruwan sama ya sauka, daga wajen Yuni har Oktoba, ta zama taɓo mai riƙe tayar mota kamar danƙo, gandun kuma a rufe yake. Kogin Dindir da kogin Rahad suna gudu a damina ne kawai, da rani sai su koma rairayi da kududdufai nan da can. Abin da ke riƙe ruwa har tsakiyar rani shi ne fadamun da ake kira maya, wato tsofaffin gwiwoyin kogi da ambaliya ke cikawa. Rayuwar gandun gaba ɗaya a kansu take.

A Disamba ciyawa tana da tsayi, ruwa yana ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu, wani lokaci hanya ba ta gama bushewa ba. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, wasu mayoyin sun ƙafe, baƙin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da Asiya don gudun sanyi sun fara komawa. A ganina babu kamar tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris. Ruwa ya janye ya taru a wurare kaɗan, ciyawa ta kwanta, 'yan gida da baƙi duk suna bakin maya ɗaya, dare kuma da sanyi mai daɗin barci.

Gargaɗi: kada ka tafi da niyyar ganin shamuwa a wannan lokaci. Shamuwa, wadda Larabawa ke kira simbiriya, tsuntsuwar damina ce, da rani tana can kudancin Afirka. Wani abokin tafiyarmu ya kwana biyu yana nemanta, ransa ya ɓaci a banza.

3. Karɓi izini

Ba a shiga gandun sai da tasrihi, wato takardar izini. Ofishin gandun yana garin Dindir, nan ake biyan kuɗin shiga na mutum da na mota, nan kuma ake haɗa ku da jami'in da zai raka ku, mai kaki da bindiga. Ka je da katinka mai raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, da kofi biyu ko uku na kowane mutum, da takardun mota. Ɗan'uwan da ya zo da fasfon Najeriya ko Nijar kuɗinsa daban ne, kuma sai ya yi rajistar baƙi ya sami izinin tafiya tsakanin jihohi tun kafin ya iso. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, a fara shi da wuri.

Ka isa garin Dindir da rana, ka gama takardu a ranar, ka kwana, ka tashi da asuba. Wanda ya ce zai gama takarda da safe ya kama hanya, yakan tashi da azahar, dare ya same shi a daji.

Jami'in nan kada ka ɗauke shi ɗan rakiya kawai. Shi ya san mayar da ke da ruwa a wannan makon, shi ya san inda zaki ya kwana jiya. Ka kira shi Janabu, ka ci abinci tare da shi, ka gaya masa tun farko cewa tsuntsaye ka zo gani. In ba ka faɗa ba, zai ɗauka zaki da ɓauna kake so kamar sauran baƙi, sai ya yi ta zagaye da ku a mota.

Gargaɗi: bindiga, danƙon harbi, tarko da raga duk haramun ne a ciki. Ka duba jakar yara kafin a tashi.

4. Mota, mai da lissafin kuɗi

Daga Sinnar ko Sinja zuwa garin Dindir tafiya ce mai sauƙi. Daga garin zuwa Galagu, sansanin da baƙi ke sauka a cikin gandun, hanyar ƙasa ce mai fiye da kilomita 100, da ramuka da tsagewar laka, tana cin awa huɗu ko fiye. Ana bi ta ƙofar Sinait. Mota mai jan ƙafa huɗu kake buƙata, Land Cruiser ko boksi, wato a-kori-kura, mai ƙarfi. Direban kuma ya zama wanda ya taɓa shiga, ba wanda ya ce ai hanya hanya ce ba.

Farashi da fam ɗin Sudan yana sauyawa tsakanin wata da wata, don haka ka yi lissafinka da lita da kwana, sannan ka buga da farashin ranar. Zuwa da dawowa daga garin Dindir ka ɗauka kilomita 300, zagaye a ciki na kwana uku ka ƙara 100. Babbar mota a irin wannan hanya tana shan lita 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100. Ka ga lita 60 zuwa 80 ke nan. Ni nakan tafi da lita 100, wato kusan galan 22, domin babu gidan mai a ciki, ɓatan hanya sau ɗaya kuma yana cinye jarka guda.

Kuɗin tafiyar gida biyar ne: hayar mota da direba, mai, izini da wurin kwana, abinci da ruwa, sai alherin da za ka yi wa jami'in rakiya. Biyun farko su ne ke cinye fiye da rabi, kuma ba sa raguwa don kai kaɗai ne. Shi ya sa tafiyar mutum biyar ta fi sauƙi. Kada ku wuce haka, domin jami'in ma yana buƙatar kujera, kuma yawan mutane yawan surutu ne. Ku yi magana da direba a fili tun a gida: wa zai sayi mai, wa zai biya in taya ta fashe, kuma zai yarda ya tashi da ku kafin fitowar rana ya zauna awa uku bai kunna injin ba?

Gargaɗi: taya biyu na ko-ta-kwana, ba ɗaya ba, da famfon iska da kayan faci. Ƙayar aduwa tana huda taya kamar ƙusa. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, ba ya aiki inda babu sabis, kuma a ciki ba a dogara da waya. Ka gaya wa wani a gida ranar da za ku fito.

5. Kayan da za ka ɗauka

Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a kowace rana, ban da na girki da alwala. Abinci marar lalacewa: ful, adas, garin asida, dabino, ƙuli-ƙuli, albasa, shayi da kayan jabana, wato gahawa. Gidan sauro mai magani mai ƙananan ƙofofi, bargo don sanyin asuba, tocila, batirin cajin waya, maganin zazzaɓin cizon sauro, gishirin zawo, takalmi mai rufe ƙafa. Littafin rubutu ƙarami da fensir.

Tufafi su zama masu launin ƙasa, toka-toka ko kore mai duhu, masu dogon hannu. A tafiyata ta farko da farar jallabiya na fito daga mota a bakin maya. Ban yi taku goma ba, garken kirinjijiya ya tashi da fito, ya ja dinya da zalɓe suka bi shi. Jami'in bai ce komai ba, sai ya cire rigarsa ta sama ya miƙo mini. Mun jira kusan awa ɗaya kafin su fara dawowa, kuma hasken safiya mai kyau ya riga ya wuce. Har yau ina jin zafin wannan safiyar, domin ba ni kaɗai na yi asara ba.

Sai madubin hangen nesa, wanda a kasuwa za ka ji ana ce masa minzar. Nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke shigo da haske da asuba. Kada babbar lamba ta ruɗe ka. Mai kusantowa sau 20 yana rawa a hannu, kuma kafin ka sami tsuntsun a ciki ya tashi. In kana da ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar, a saya maka can. In guda ɗaya kuka samu, ku yi karɓa-karɓa, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Ka daidaita shi tun a gida. Lanƙwasa shi har da'irori biyu su zama ɗaya a idonka. Rufe idon dama, ka juya ƙugiyar tsakiya har abin da kake kallo ya fito sarai. Sannan ka rufe idon hagu, ka juya zoben da ke bakin dama har shi ma ya fito. Daga nan ƙugiyar tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Ka yi kwana biyu kana gwadawa da kurciyoyin unguwa: ka kafe idonka a kan tsuntsun, sannan ka ɗago madubin zuwa ido ba tare da ka kalli ƙasa ba. Wanda ya sa madubi a ido sannan ya fara lalube, sararin sama kawai zai yi ta gani.

Mai wayar zamani ya sauke manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsaye tun yana gari, da kunshin tsuntsayen yankin, don ta yi aiki babu intanet.

6. Hanya da sauka a Galagu

Kallo yana farawa tun a hanya. Ka zauna a gefen taga, ka ce wa direba ya rage gudu da an wuce ƙofa. Tsanwaka mai shuɗi da doguwar jela tana zama a kan busassun rassa, cilakowa tana tsallaka hanya, zabin daji suna gudu a gaban mota garke-garke. A fili mai gajeren ciyawa ka duba nesa don jimina da tuje. Namijin jimina baƙi ne da farin gashi a fiffike da jela, macen kuma launin ƙasa.

A Galagu ka kafa gidan sauronka kafin magariba, ka rufe abinci a cikin mota saboda gwaggon biri, waɗanda ba sa tsoron mutum a wurin. Kada ka ba su komai.

Gargaɗi mai nauyi: dajin dushe da aduwa a kan baƙar laka gidan ɗan ƙaramin ƙudan nan ne mai kawo ciwon kala-azar, wani mugun zazzaɓi mai kumbura saifa. Ya fi sauro ƙanƙanta, yana ratsa gidan sauro mai manyan ƙofofi, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba. Kada ka kwana a ƙasa, kada ka kwana babu gidan sauro ko da zafi ya dame ka, kada ka zauna hira a gindin itace da dare hannu da ƙafa a buɗe.

7. Safiya a bakin maya

Wannan shi ne abin da ka zo dominsa. Tun da dare ka tambayi jami'in wace maya ce ke da ruwa: Abdul Gani da ke kusa da sansani, ko Musa, ko Ainus Shams, ko Girerisa, ko Ras Amir mai girma. Ku zaɓi ɗaya tak don safiyar. Ku yi sallar asuba, ku sha shayi a tsaye, ku kasance a wurin kafin rana ta fito, wato wajen ƙarfe 6.

Ku tsaya ta gabashin ruwan, rana a bayanku. In kuka tsaya ta yamma da safe, duk tsuntsun da ke gabanku baƙar inuwa zai zama. A kashe mota nesa kaɗan. Kada a buga ƙofa, a tura ta a hankali. Jami'in ya fara sauka ya duba ciyawa, sannan ku bi shi a layi ɗaya zuwa gindin itace, ku zauna. Mutum a tsaye abin tsoro ne ga tsuntsu, mutum a zaune jikin kututture kuma bayan minti ashirin ya zama wani ɓangare na kututturen. Wayoyi a yi musu shiru. Nuni da baki, ba da miƙa hannu ba.

Ka fara da ido tsirara, ka bi bakin ruwan daga hagu zuwa dama. Manyan su ne za su fara bayyana. Babba-da-jaka, wanda jami'in zai kira abu si'in, yana tsaye da sanƙonsa da jakar wuyansa, tsayinsa ya kusa mita ɗaya da rabi. Kwasakwasa suna iyo a jere, suna tsoma baki tare kamar masu su da suka haɗa kai. Zalɓe ya daskare a ruwa mai kai gwiwa, jinjimi fari mai baƙin kai da lanƙwasasshen baki yana caccakar laka. In ka yi sa'a za ka ga wani dogon tsuntsu baƙi da fari, bakinsa ja da baƙi, da wani rawaya a samansa kamar sirdi. Ka duba idonsa da madubi: mai rawayan ido mace ce, mai baƙin ido namiji.

Gauraka kan iso bayan hasken ya ɗan ɗaga, biyu-biyu ko a ƙaramin garke, sau da yawa kukansu ne zai riga su. Larabawa na ce masa garnuƙ. Ka bar shi ya sauka ya natsu kafin ka motsa madubi. Tukkun nan nasa mai ruwan zinariya, in rana ta buge shi daga bayanka, shi ne hoton da ya jawo duk tambayoyin nan.

Daga nan ka koma kan ƙanana, waɗanda mai gaggawa ba ya gani. A gefen laka akwai 'yan tsuntsaye masu siraran ƙafafu suna gudu suna tsayawa, da ƙananan agwagi da ba irin namu ba. Da yawansu baƙi ne da suka ƙetaro teku da hamada daga Turai da Asiya, a Maris ko Afrilu za su koma. In ɓauna suka zo shan ruwa, ka duba bayansu, carki na nan yana cire kaska, balbela kuma tana bin ƙafafunsu. A kan itacen da ya fi tsayi ka nemi mikiyar nan mai kamun kifi, farin kai da ƙirji, jan ciki. Takan jefa kai baya in za ta yi kuka.

A tafiyata ta biyu da kawuna muka je, dattijo ne da ya daina noma. Wajen ƙarfe takwas sai ya riƙe hannuna. Wasu baƙaƙen tsuntsaye uku masu girman talotalo suna tahowa a ƙasa cikin ƙonanniyar ciyawa, suna taku kamar masu neman abin da ya faɗi.

"Yaro, ba ni abin nan."

"Ga shi, Kawu."

Ya daɗe yana kallo. "Burtu ne. Rabona da shi tun ina bin Baba gona. Maharba kan ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe, nama ya ɗauka shi ne." Na nuna masa cewa mai ja da shuɗi a maƙogwaro namiji ne, mai shuɗi zalla mace. Bai mayar mini da madubin ba sai da suka shige daji.

Gargaɗi: kada ka matsa bakin ruwa, akwai kada a wasu wuraren. Kada ka shiga doguwar ciyawa don neman kusanci, nan zaki ke kwanciya, ɓauna kuma ta fi shi saurin fushi. Kada ka yi wanka ko alwala da ruwan maya saboda tsargiya. In jami'in ya ce a koma mota, a koma, tambaya daga baya.

8. Yadda za ka gane abin da ka gani

Kuskuren sabon shiga shi ne ya ga tsuntsu ya sunkuya kan waya yana neman suna, kafin ya ɗago tsuntsun ya tafi. Kalli tsuntsun har ya tashi, sannan ka rubuta. Ka bi wannan jeri kullum: girmansa in an gwada da wanda ka sani (ya kai kurciya, ya kai hankaka, ya kai zabo), siffar baki, tsawon ƙafa da launinta, tsawon jela, abin da yake yi da inda yake yinsa. Launin gashi ya zo ƙarshe, domin haske yana yaudara. Gaggafa, alal misali, tun daga nesa za ka gane ta da rashin jela da yadda take karkata hagu da dama a sama, tun ba ka ga jan fuskarta ba.

Ka rubuta rana, lokaci, sunan maya da adadi. Garke mai yawa ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya: ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, sannan ka auna sauran da wannan ma'auni. Ka rubuta suna da Hausa, ka tambayi jami'in na Larabci ka sa a gefe, kamar jidadul wadi ga zabo, hubara ga tuje, zarzur ga jan-baki. Wanda ba ka gane ba, ka rubuta siffarsa ka bar gurbin suna. Kada ka cike gurbi da zato, domin wani zai dogara da rubutunka.

9. Rana da yamma

Daga ƙarfe goma maya takan yi shiru. Ku koma inuwar bakin kogi, inda goruba, tsamiya, ɓaure da magarya suke. Ɓaure mai 'ya'ya ya fi kowane wuri, ka zauna a ƙarƙashinsa ka bar su su zo. Za ka ji ragon maza yana kukansa kamar ana tuttule ruwa daga gora, tsirya kuma tana wucewa da ƙara. A gaɓar kogi mai tsayi ka duba ƙananan ramuka a jere, gidajen tsuntsayen nan ne masu cin ƙudan zuma, masu kore da ja. Kada ka taka saman gaɓar, ramukan suna rubzawa. Wannan kuma shi ne lokacin ɗaga kai sama, ungulu da gaggafa suna hawa iska mai zafi.

Bayan la'asar ku koma maya, wannan karon ta yamma. Dab da faɗuwar rana kurciyoyi ke saukowa shan ruwa, jan-baki kuma su taso dubbai kamar hayaƙi yana murɗawa. Manomin dawa ya san ɓarnarsu, amma ganinsu a nan wani abu ne daban. Ku bar wurin da sauran haske. A hanyar komawa fitilar mota za ta kama jajayen idanun yautai a kwance a kan turɓaya, direba ya tafi a hankali.

Gargaɗi: kada a jefar da guntun taba, kada a bar garwashin jabana. Ciyawar rani kamar fetur take, gobara ɗaya tana cinye sheƙar duk mai ƙwai a ƙasa. Kada a ɗauki ƙwan jimina ko ɗan tsako, kada a sayi tsuntsu a hannun kowa a ƙauyukan gefe, domin kowane ciniki shi ke aika mai tarko ya koma.

10. Fita da bayan komowa

Kwashe sharar ku gaba ɗaya, musamman leda da gwangwani, ku fito da ita gari. Ku tashi da safe don ku isa garin Dindir da rana. Ka sallami jami'in da hannunka, ka bar masa kofin jerin tsuntsayen da kuka gani. Da ka sami intanet ka shigar da jerin a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye ke ajiye abin da suka gani, da sunan mayar da ranar, domin masu bincike da shi suke gane abin da ke ƙaruwa da abin da ke ɓacewa.

Sannan ka sa ido a kan jikinka da na duk wanda kuka tafi tare. Zazzaɓi a makonnin farko, a je a gwada na cizon sauro a ranar. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu bai sauka ba, da rama, da kumburi a gefen hagu na ciki wajen saifa, ko da bayan wata uku ko shida ne, ka je asibiti ka gaya wa likita da bakinka cewa ka kwana a dajin Dindir, ka nemi a yi maka gwajin kala-azar.